Mutumin da ke Bayan Kobo Hamsin

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowarmu, kuma ban huta da tambaya ba. Asabe ta taso takanas daga Hanwa, Jummai ta aiko da wasiƙa daga Kongo ta nan Zariya, ku sauran kuma kullum sai na ji sallamarku a tsakar gida: "Binta, wai da gaske har ƙasar katako kuka je ke da Iya?" Duk wadda na fara ba ta labari, da na iso bakin Kogin Kwara sai in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, ku riƙa miƙa wa juna.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, Iya kakata ce, ita ta haifi innata. Ɗanta na fari, Kawu Lawal, ya bar Tudun Wada ina 'yar shekara shida. Sun saɓa ne da kakana, marigayi Malam, wanda yake so ya zauna a zaure ya gaji karatu, shi kuwa hankalinsa yana kan manyan motocin da ke kawo katako daga Kudu. Da farko wasiƙa takan zo jefi-jefi daga wani gari wai shi Sapele. Sai yaƙi ya zo, sai shiru. Malam ya rasu ba su gana ba, kuma babu wanda ya san ko Kawu yana raye. Iya ba ta taɓa cewa uffan ba. Kun san sha'anin ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan".

Abin ya faro ne daga tabarau. Da aka yi wa babana ƙarin albashi, yanzu da kuɗin mai ya sa kowa ke sayen babur da rediyo, shi sai ya kai Iya wurin likitan ido. Ta dawo tana kallon gida kamar baƙuwa. Ta dube ni ta ce, "Ashe haka kike da muni, Binta? Shekara da shekaru ana cutata."

Washegari wata maƙwabciya ta sayi man gyaɗa a wurin Iya ta ba ta takardar kobo hamsin, ƙaramar nan da babu ta ƙasa da ita, wadda Iya har yau sule biyar take ce mata. Ta zauna a bakin ƙofa tana nazarinta. Ta ga dogon ginin bankin nan na Ikko a gaba, cikin shuɗi, ta bi rubutun ajamin da yatsa ta karanta shi tsaf. Sai ta juya bayan takardar.

"Binta, zo ki duba mini nan."

"Mutane ne suna aikin gungumen itace, Iya."

"Ba su na tambaye ki ba. Na gefen nan. Dubi kafaɗarsa, ɗaya ta fi ɗaya sauka." Ta yi ƙasa da murya. "Wancan ne."

Da yamma babana ya yi mata bayani iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce zane ne, ba hoto ba ne. Ya ce ba da naira aka fara wannan zanen ba, masu aikin gungume suna nan a bayan koriyar sule biyar ta lokacin yaƙi, har da wadda ta gabace ta. Yana ganin ya kashe magana. Iya ta ce, "To! Ashe shekara bakwai yana ratsawa ta hannuna ina sayen gishiri da shi, ban gan shi ba." Ta tashi ta fara ɗaure kaya.

Babana ba shi da halin barin ofis. Sai aka roƙi maƙwabcinmu Malam Iro direba, wanda ke kai albasa Kudu ya dawo da katako, ya ce ai Iya uwarsa ce. Ni kuma aka ce in raka ta, saboda ina da Turancin sakandare, kuma saboda sai an sami bakin da zai iya faɗin sunan wanda ake nema.

Mun tashi da hantsi, mu huɗu a gaban mota, don akwai wani tsohon falken goro, Alhaji Ɗan-Azumi, da zai sauka a Lakwaja. Kafin mu wuce Kaduna Iya ta nuna masa takardar. Bai yi dariya ba, amma ya sami abin da yake so, wato mai sauraro. Ya ce shi ya ga kakarsa tana sayen daddawa da wuri. Ya ga anini mai huji da ake zurawa a igiya. Ya riƙe takardun Turawa masu bishiyar kwakwa, waɗanda yake kashewa tun daga nan har Kumasi ba mai ce masa komai. Gab da samun 'yancin kai muka yi namu, ana cikin yaƙi aka sake su cikin gaggawa, bara kuma aka ce babu fam babu sule, sai naira da kobo.

"Amma ki lura, Hajiya," in ji shi, "a bayan naira ɗaya masu ɗaukar buhunan gyaɗa ne. A bayan biyar masu aikin kwakwa. Ba sarki, ba soja. Mutane ne a bakin aikinsu. To kowane lebura ai ɗan wata ne."

Iya ta ce, "Ban je Makka ba tukuna, amma ka yi magana."

Tana rufe baki, goran furar da ta ajiye kusa da zafin inji ya tumbatsa, murfin ya yi tsalle, fura ta wanke farar rigar Alhaji daga wuya har cinya. Malam Iro ya yi dariya har sai da ya tsaya a gefen hanya. Alhaji ya lashi yatsa ya ce citta ta yi kaɗan.

Mun kwana a wani ƙauye kafin kogi, da safe muka isa mafitar Kwara. Babu gada a nan, jirgin fito ne, wani faffaɗan ƙarfe da motoci ke hawa ya ƙetare da su. Ka'ida kowa ya sauka ya shiga da ƙafa. Iya ta ce gwiwarta ba za ta iya gangaren ba, sai na zauna tare da ita.

Bari in rubuta da sauri in wuce. Ƙafafun motar na gaba sun hau jirgi, na baya suna kan tudu, sai igiyar da ke riƙe da jirgin ta saki. Jirgin ya fara ja da baya a hankali, mu kuma muna tsakani. Na leƙa ta taga, ban ga ƙasa ba, ruwa ne ja yana juyawa daidai ƙarƙashin ƙofata. Gaban motar ya sunkuya. Na ji albasa tana gangarowa a bayanmu. Malam Iro ya danne birki da ƙafa biyu, jijiyar wuyansa ta fito. Mutane suna ihu cikin harsunan da ban sani ba, wasu sun faɗa ruwa sun kama igiya, wasu suna cusa itace a ƙarƙashin taya. Ban san ina kururuwa ba sai da Iya ta damƙe wuyan hannuna.

"Yi mana shiru, kina firgita direba. Ba a nan zan mutu ba. Ina da wanda zan gani."

Ban taɓa jin ta faɗi haka a fili ba. Maza wajen talatin suka jawo jirgin da hannu har ya haɗe da tudu, motar ta haye. Da muka isa wancan ƙetaren wata Banufiya mai sayar da kifi ta zaunar da ni tana shafa mini ruwa a fuska. Har yanzu, in ana juye ruwa daga tulu zuwa randa, sai na fita daga ɗakin.

A Lakwaja muka sauka gidan mai masaukin Malam Iro, aka ba mu sakwara da miyar kifi. Kifi guda ya fi hannuna tsawo. Iya ta ce mu a Zariya ashe ƙaya muke ci. Nan muka yi ban kwana da Alhaji, ya ba Iya goro fari ƙwarya guda, ya ce ta kai wa mutumin kan kuɗi.

Bayan duwatsun Okene muka iso iyakar jiha, inda sojoji suka gitta itace. Wani kofur ya leƙo ya tambayi inda za mu, da Turanci. Na buɗe baki in amsa, sai Iya ta miƙa masa takardar ta kan kaina ta ce, "Yaro, ka san wannan?"

Kofur ya washe baki. "Iya, daga ina?" Hausa tangararan! Ashe mutumin Dutsen Abba ne. Da na yi masa bayani ya kira abokansa, suka taru suna duban takardar, kowa yana gwada sauke kafaɗa ɗaya. Kofur ya ce, "Iya, in ɗanki ne a kan kuɗin gwamnati ai ubangidanmu ne." Ya ƙame ya sara mata, ya sayo mana ayaba nono guda, ya kuma ba ni saƙon baki zuwa ga innarsa: a daina neman masa mata, ya samu.

Daga nan daji ya rufe. Itatuwa sun haɗe kai a sama, ruwan sama kuma ba ya sallama. Muka wuce Binin, muka isa Sapele a rana ta huɗu. Abin da na fara gani shi ne kogi shimfiɗe da gungumai, an ɗaure su kamar tabarma, mutane suna tafiya a kai, har da masu girki. Iya ta gyara tabarau ta dubi takardarta, ta dubi kogin, ta dube ni.

Malam Iro ya kai mu gidan Sarkin Hausawan garin, uwargidansa Hajiya Kulu ta ba mu ɗaki. Gidajensu ba zaure, daga titi sai ka faɗa kan mutane suna cin abinci. Mata ne ke tuƙa kwale-kwale, su ke riƙe da kasuwa, kuma in yarinya za ta gaida babba sai ta rusuna kamar mu, wannan ya burge Iya. Turancina kuwa ya kunyata ni. Na jera jimla yadda aka koya mana, wata mai kifi ta saurare ni har ƙarshe, ta juya ta ce wa maƙwabciyarta wani abu, suka fashe da dariya. Nasu Turancin daban ne, a guje yake, an gutsure masa kai da ƙafa.

Abincinsu wani tuwo ne rawaya mai santsi, na rogo, da miyar kwakwa. Hajiya Kulu ta ce sitaci ne. Iya ta ajiye lomar da ta ɗauka. "Wanda muke sa wa rawani? To in na ci, guga za a yi mini?" Ta ci dai, har ta nemi ƙari. Dodon koɗin da ke cikin miyar ne ta tsame ta tura mini wai ni ce 'yar boko.

Kwana biyu muna zaga wuraren yankan katako. Iya ta nuna takarda, ni in faɗi suna. Wasu su yi dariya, wasu su girgiza kai. Sarki ya aika aka tattaro duk wani Lawal da ke garin, aka kawo mana uku. Na ƙarshensu wani gajeren Bakano ne mahauci, ya durƙusa ya ce, "Iya, ba ni ba ne, amma ni ma uwata ta rasu. In ba a samu ba, ga ni." Iya ta yi dariya, amma ranar ba ta taɓa abinci ba. Malam Iro kuma ya gama lodi, ya ce gobe da safe za mu juya, ba zai iya ƙara kwana ba.

Bayan azahar muka koma bakin ruwa, don babu sauran inda za mu. Iya ta tsaya tana kallon masu tafiya a kan gungumai. Wata tsohuwa mai ƙyafa kifi ta karɓi takardar ta duba, ta mayar. Sai ta ja da baya tana ƙare wa Iya kallo, ba fuskarta ba, tsayuwarta. Ta taɓa kafaɗar Iya ta hagu. Ni da na tashi a ɗakin Iya ban taɓa lura ba: tata ma ɗaya ta fi ɗaya sauka. Tsohuwar ta tafa hannu ta ce, "Alfa!" Ta nuna wasu rumfuna a ƙetaren kogi, ta kwance kwale-kwalenta.

Na dubi ruwan, na dubi ɗan itacen da za mu shiga. Na ce, "Iya, wallahi ba zan iya ba. Ki je, ina nan."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "In na je, me zan ce musu? Wa zan ce ina nema?"

Na shiga. Na zauna a tsakiya na rufe ido na cusa kaina a cinyarta, ina jin ruwa yana bugun katakon da ke ƙarƙashina. Ba zan iya gaya muku yadda kogin yake ba, ban gan shi ba.

A can, tun kafin mu kai rumfunan muka jiyo yara suna biya karatu, wata murya tana ja musu. Iya ta tsaya cak. Irin jan muryar Malam ne, yadda yake sauke ƙarshen aya. Ta nemi wani gungume ta zauna, ta juya wa rumfar baya. "Je ki," in ji ta.

Na yi sallama. Wani dogon mutum mai furfura a gemu ya fito da allo a hannu. Na ce, "Ina neman Lawal, ɗan Malam na Tudun Wada."

Allon ya faɗi. Ya ce, "Shekara nawa ba a kira ni da sunan nan ba. Ke wace ce?"

"Binta ce, 'yar Amina."

Ya hango wadda ke zaune a kan gungume. Bai yi gudu ba, tafiya yake kamar mai koyo, ya zube a bayanta cikin taɓo. "Iya. Iya, ki yafe mini."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Binta, ki tambaye shi haka ake tarbar baƙi a garin nan, ba ko ruwa?"

Ya tambayi Malam. Ni ce na gaya masa ya rasu. Ya daɗe da fuska a cikin tafin hannu. Daga baya ya ce ya rantse ne ba zai koma ba sai da motar kansa. Ya yi shekaru yana tura gungumai a kogi, mota ba ta samu ba, kowace shekara kuma komawar tana ƙara nauyi. Da ma'aikata suka ga yana da karatu suka riƙa kawo masa 'ya'yansu, sunan Alfa, wato malam a bakinsu, ya bi shi, shi ya sa ba wanda ya san Lawal.

Na nuna masa takardar, na gaya masa abin da ya taso da mu. Ya dube ta, hawaye na zuba yana dariya. "Ni? Ban taɓa tsayawa an zana ni ba. Wannan ai ya fi ni ƙiba."

"Ki ce masa ban tambaye shi ba," in ji Iya. "Na san abin da na gani."

Matarsa 'yar garin ce, Hausarta ta fi Turancina, ta kawo ruwa tana rusunawa. A bayanta wata yarinya 'yar shekara takwas tana leƙe. Iya ta tambayi sunanta. Matar ta ce, "Hauwa'u. Amma babanta ba ya iya faɗa, Mama yake ce mata." Sunan Iya ke nan. Sai a lokacin ta juyo. Ta fizgo yarinyar ta rungume, duk abin da ta hana kanta yi wa uban ta yi wa 'yar. Ta shinshina kanta, ta ƙirga yatsunta, ta ce an bar mata takwara ta rame da cin sitaci.

Da safe Malam Iro ya ga mun zo mu huɗu, ya cire hula ya mayar, ya ce Kawu ya hau kan katako, yarinya a gaba. A mafitar Kwara kowa ya sauka. Kawu ya goya Iya a baya ya gangara da ita, tana ce mini in gaya masa ya bi a hankali, ita ba buhun albasa ba ce. Ni kuwa Mama ce ta riƙe mini hannu har muka ƙetare, tana mamakin babbar mace mai tsoron ruwa.

Da muka iso Tudun Wada bai shiga gida ba sai da babana ya raka shi maƙabarta. Tun daga ranar zaurenmu bai rabu da mutane ba, an yanka rago, innata ta yi kuka ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Iya kuwa har yau ba ta ce masa kalma ɗaya kai tsaye ba. Da hannunta take dama masa koko, ta ba Mama ta kai, ta ce wai saura ne ya rage.

Jiya da la'asar ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce bayan Salla zai koma ya ɗauko iyalinsa, ya kuma sami wanda zai riƙe yaran makaranta, wata biyu ya dawo. Kowa ya tuna wancan karon ma da "zan dawo" ya fita. Iya tana tsefe wa Mama kai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Binta, ki sanar da mai tafiya Allah ya kiyaye hanya. Amma takwarata a ɗakin nan za ta zauna. Mai son ganinta ya san gidan."

Kawu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ya ce, "Binta, ki gaya mata na ji."